Sunan da Aka Sassaƙa Kafin Wasan Ƙarshe

Abin da na fara gani ranar da na sauka Agege shi ne daɓen rumfar Kawu Ilu. Ƙyalli yake yi. Na ɗauka gwal ne ya zube, har na ɗage ƙafa don kada in taka. Sai da na zauna na gane ɓarɓashin tagulla ne, ya shige tsagar siminti ya zauna, tsintsiya ba ta fitar da shi.

Daga Zariya aka turo ni in ci gaba da makaranta a wurinsa, domin shi ne yayan mahaifiyata. Shekara ta biyu ke nan da soja suka koma bariki. Rumfar tana bakin layin dogo, tsakanin wani mai facin taya da Mama Tope mai sayar da amala. Sana'ar Kawu ita ce sassaƙa suna a jikin ƙarfe: allon ƙofar gida, tiren amare, zobe, kofin gasa. A bango ya kafe allunan da suka ɓaci da waɗanda masu su ba su dawo sun karɓa ba. Ni ba mai yawan magana ba ce. In na taso makaranta sai in zauna a lungu da jakata, in yi ta karanta sunayen mutanen da ban sani ba.

Da yamma 'yan ƙwallo ke cika bencin waje, saboda Yaya Nasiru. Shi ne ɗan farin Kawu, shi ke goge alluna in an gama, kuma shi ne golan ƙungiyar Layin Dogo. Cikin masu zuwa har da abokinsa Bala, mai cin ƙwallo a ƙungiyar Kasuwar Goro, wanda ake kira Bala Danfo, sunan motar hayar Ikko, saboda wai ba shi da birki.

"Baba, wannan fa ba aiki ba ne," in ji Bala wata rana. "Rubutu ne kawai. Ko Hajara za ta iya."

Ni yake nufi. Na sunkuyar da kai. Kawu ya miƙa masa wani ɓataccen allo da ƙusar zane da ƙaramar guduma.

"Ja mini layi ɗaya miƙaƙƙe, oga."

Bala ya gyara zama ya kai duka. Ƙusar ta zame, guduma ta sauka a kan babban yatsansa. Ya yi tsalle yana yarfa hannu, samari suna ta dariya, Mama Tope ta leƙo daga bayan tukunyarta tana cewa, "Pele o, sannu ɗan ƙwallo! Ƙafa kawai Allah Ya ba ka."

Kawu ya karɓi kayansa ya duba bakin ƙusar ko ya dakushe.

"Takarda tana yafiya," in ji shi. "Ka ɓata, ka goge. Ƙarfe ba ya yafiya. Abin da ka sa masa, da shi zai tsufa."

Daga nan ya shiga ba su labari, hannunsa bai tsaya ba.

"Aikin farko da aka ba ni ba suna ba ne, lamba ce. A Ebute Metta, wajen maigidana Baba Akanni. Shi ke yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa 'yan allunan da ake rataya wa makullai. Kafin ya bar ni in taɓa tagulla sai da na gaji da wasa ƙusa a kan dutse. Waɗannan ƙusoshin da kuke gani ba saye ake yi ba. Wannan daga karyayyen magagari na fitar da ita, wannan siririyar daga wayar laima. Kowace da bakinta: mai jan miƙaƙƙen layi daban, mai lanƙwasa daban. Allo kuma ba a riƙe shi da hannu. Kwalta ake narkawa a kan katako, a dasa shi a kai, ta sandare ta riƙe shi. Ranar da Baba Akanni ya ce in yi lambar, na yi ta ta karkace kamar mai ciwon baya. Bai zage ni ba. Ya huda ta ya rataya mini a wuya, ya ce in yi ta yawo da ita har in ji kunyarta."

"Ka ji kunyar?" in ji wani.

"Har yau ina ji."

Wani yammacin kuma labarin wani Buzu ya ba su.

"Mai gadi ne a wata masana'anta a Isolo, daga Nijar ya zo. Ya shigo da rawaninsa, ya ce in yi masa ɗan allo da bai wuce yatsu biyu ba, sunansa a sama, sunan garinsu a ƙasa. Na ce a ƙofa za a kafa? Ya ce shi ina ya ga ƙofa. A jakarsa zai ɗinke shi. Ya ce Ikko tana cinye mutum har da sunansa, in wani abu ya same shi, a san inda za a kai labari. Ƙaramin allo ya fi babba wuya, domin ba wurin ɓoye kuskure. Sai ka ja layi biyu da fensir, ka auna kowane harafi da ido kafin ka sa ƙusa. In ka gama ka cika ramin da baƙin fenti, ka bari ya sha iska, sannan a goge da toka da lemun tsami." Ya nuna Yaya Nasiru da haɓa. "Wancan ya iya wannan ɓangaren."

Wancan. Haka yake kiransa. Ko "kai", ko "yaron gidan nan". Tun zuwana ban taɓa jin sunan Nasiru a bakin Kawu ba. A gida na san wannan, kunyar ɗan fari ce, amma samarin da aka haifa a Ikko abin dariya ne a wurinsu.

"Baba, a Lagos muke fa. Faɗi sunansa sau ɗaya, mu saya maka goro."

"Ku riƙe goronku."

Amma na lura da wani abu. Duk ranar da Layin Dogo ke wasa, Kawu yakan rufe rumfa ya ce zai je duba wani aiki. Filin makarantar firamare yake zuwa. Ba ya shiga cikin 'yan kallo. Can bayan raga yake tsayawa, gindin wata bishiyar mangwaro, hannuwa a baya, kamar mai jiran wani.

Shekarar ba ta yi masa kyau ba. An kawo injin zana suna a Idumota, kana tsaye za a gama maka. Masu tiren amare suka koma can, masu allon ƙofa suka bi su. Wasu ranakun har la'asar ba a ji ƙarar guduma a rumfar ba. Kawu ya ce harafin inji ba shi da zurfi, damina biyu ta ishe shi ya shafe, amma wa ke jiran damina biyu? Babban aikin da ya rage masa shi ne kofunan gasar unguwanni. Sabon kansila ne ya ɗauki nauyin gasar. Ban da kofin ƙungiya, ya ƙaro wani na gwarzon ɗan wasa, ya kuma yi alkawari a bainar jama'a cewa wanda ya ci shi zai kai shi gwaji wata babbar ƙungiya. Gasar ta matasa ce, akwai iyakar shekaru, kuma wannan ce shekarar Yaya Nasiru ta ƙarshe. Kowa a gidan ya san haka, ba mai faɗa.

Layin Dogo da Kasuwar Goro ne suka kai wasan ƙarshe. Ana saura kwanaki a buga, Alhaji Sule mai goro, shugaban kwamitin gasar, ya zo da kofin gwarzon a cikin kwali, 'yan kwamiti na biye da shi. A gaban rumfar za su zaɓi gwarzo, su ba Kawu sunan nan take, don aikin hannu yana cin lokaci. Aka kori samari, aka aiki Yaya Nasiru sayen fenti. Ni ba wanda ya kora. Na kawo musu ruwa na koma lunguna.

"Alhaji," in ji Kawu, yana juya kofin a hannu, "da za a bar allon sunan haka ba rubutu, a miƙa kofin, bayan wasa a kawo mini. Aikin zai fi kyau in ba gaggawa."

"Haba Malam Ilu. Kansila zai miƙa kofi babu suna? Masu hoto za su zo. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, akwai inji a Idumota."

"Zan iya."

Suka fara. Wani ya tambaya wa ya fi cin ƙwallaye, aka ce Bala. Ya ce to ai magana ta ƙare. Wani dattijo ya ce shi wasa ɗaya ya samu gani saboda kasuwa, amma a wasan nan yaron ya burge shi. Na kusa da shi ya ce shi bai samu zuwa ba sam, amma yaransa kullum zancen Danfo suke. Sai wani malamin makaranta, mai biro a aljihun gaba, ya ɗaga murya.

"Ƙwallon da ta shiga kowa na ƙirga ta. Wadda aka hana shiga fa, wa ke ƙirgawa? Layin Dogo ba su da 'yan gaba, kowa ya sani. Golansu ne ya ɗauko su a ka har nan. Kuma yaya za a zaɓi gwarzon gasa alhali babban wasan ba a buga ba?"

"Malam, haka ake yi ko'ina."

"Ai kai ɗan Layin Dogo ne, dole ka faɗi haka."

"Kai kuma a Kasuwar Goro shagonka yake."

Aka yi ta ja. Da Alhaji Sule ya ce a ɗaga hannu, sai hannuwan suka zo daidai, kowa ya bi unguwarsa. Alhaji ya cire hula ya sosa kai, sannan ya juya wajen Kawu.

"Malam Ilu, duk cikinmu kai kaɗai ne ba ka yi fashin wasa ba. Ina hango ka gindin mangwaro. A ajiye kunya gefe. Wa ka gani?"

Ina kallon hannun Kawu. Yana riƙe da siririyar ƙusar nan ta wayar laima, yana murza ta tsakanin yatsu. Jirgin ƙasa ya zo wucewa, rumfar ta ɗauki rawa, allunan bango suna kaɗawa, kowa yana jira. Na ce a raina in jirgin ya wuce zai faɗa. Kalma ɗaya ce. Ko "gola" ya ce ya isa, ba sai ya kama suna ba.

Jirgin ya wuce.

"Alhaji, ni nawa sassaƙa ne. Ku faɗi suna, in sa."

Malamin makarantar ya dube shi ya girgiza kai. Alhaji Sule ya mayar da hularsa.

"To, ƙwallo dai a raga ake cin ta. A sa Bala."

Washegari Kawu ya narka kwalta ya dasa allon. Ban taɓa ganin ya yi aiki a hankali kamar wannan ba. Ya ja layukansa, ya auna, ya goge, ya sake aunawa. Samari suka zo da yamma, ya rufe aikin da tsumma ya ce su koma benci. Amma ba a ɓoye wa mai gugar allo abin da ke jikin allo. Ranar da fentin ya bushe, Yaya Nasiru ya shigo ya tsaya a kan teburin. Ya daɗe yana kallo. Kawu yana wasa ƙusar da ba ta bukatar wasawa.

"An gama, Baba?"

"An gama."

"Kawo in goge."

Ya yanka lemun tsami ya dangwala a toka. Ya goge allon har sai da na ga fuskarsa a ciki, da sunan Bala a kan goshinsa. Sannan ya kafa shi a gindin kofin, ya ɗaure da ƙyalle, ya ɗauki safar hannunsa ya tafi fili motsa jiki kamar kullum.

Ranar wasan ni na ɗauki kofin a ka, cikin kwalinsa, ina bin Kawu. Aka ajiye shi a kan teburin manya ƙarƙashin rumfar tamfol, ƙyallen yana rufe da sunan. Kawu ya wuce gindin mangwaro, na bi shi. Filin ya cika har kan katanga, 'yan okada sun jera babura suna tsaye a kansu.

Ban san ƙwallo sosai ba, amma na san abin da na gani. Kusan duk wasan a gaban ragar Yaya Nasiru aka yi shi. Ya faɗi dama, ya faɗi hagu, ya tashi da jar ƙasa a fuska. Sau ɗaya Bala ya fito shi kaɗai, kowa ya miƙe, Yaya Nasiru ya zube a ƙafafunsa ya rungume ƙwallon. Da ya tashi na ga ƙaramin yatsansa na hagu ya kalli wani gefe. Ya cire safar da haƙori, ya ja yatsan ya mayar, ya sake sa safar. Kawu ya sauke hannuwansa daga baya, ya mayar. Aka tashi ba ci, aka je bugun fenariti. Na ƙarshe Bala ne ya zo bugawa. Yaya Nasiru ya ture ta da hannun nan mai ciwo.

Filin ya fashe. Aka ɗaga shi sama ana "Gola! Gola!" Har 'yan Kasuwar Goro na tafa masa. Mama Tope, wadda ta bar tukunyarta ta zo, ta kwance ɗankwali tana kaɗawa. Aka ba Layin Dogo kofin ƙungiya. Sannan mai lasifika ya ce saura gwarzon gasa, jama'a suka fara turo Yaya Nasiru gaba, shi kuma yana turjewa. Kansila ya kwance ƙyallen, ya karanta abin da ke jiki.

Da farko kamar ba a ji daidai ba. Sai ihu ya tashi, ana jifa da ledojin ruwa. Masu hoto suka yi sauri suka ɗauka. Bala ya karɓi kofin kansa a ƙasa, bai ko ɗaga shi ba. Ya ratsa mutane ya zo inda Yaya Nasiru yake zaune yana kwance takalmi, kusa da mu.

"Nas, wallahi naka ne. Kowa ya gani. Karɓi."

"Sunanka ne a jiki, Danfo."

"A cire allon mana! Baba, ba a iya cirewa?"

Yaya Nasiru ya yi ɗan murmushi, bai dubi wajen mangwaron ba.

"Babana ba ya kuskure. Je ka, ana jiranka a hoto."

Bala aka kai gwaji. Malamin makarantar ya je wajen Alhaji Sule, Alhaji ya ce shi ma abin ya dame shi, amma kansila mutum ɗaya ya yi wa alkawari, kuma hoto ya riga ya fita. Ya ce baɗi za a duba tsarin. Baɗi kuwa Yaya Nasiru ya wuce shekaru.

Yatsan ya warke a karkace. Ya rataye safarsa a ƙusar bango, tsakanin allunan da ba a karɓa ba. Samari suka rage zuwa benci. Aiki bai ƙaru ba, rumfar ba ta iya riƙe mutum biyu. Bayan ƙaramar salla ya samu aikin yaron mota a wata tirela mai ɗauko albasa daga arewa zuwa kasuwar Mile 12. Ya gaya wa Kawu yana tsaye a bakin rumfa, ya ce ranar Asabar za su tashi. Kawu ya ce, "Allah Ya tsare hanya." Bai ƙara ba.

A ranar na ga Kawu ya yanko ɗan allo daga ragowar tagullar kofin. Bai wuce yatsu biyu ba. Ya goge gefunansa da magagari, ya huda kusurwoyinsa, ya dasa shi a kwalta, ya ja layi biyu da fensir. A layin ƙasa ya sassaƙa Agege, harafi bayan harafi, da zurfi. Layin sama, wurin suna, ya bar shi. Washegari na dawo makaranta na tarar da shi haka. Ya ɗauki ƙusa ya ɗora bakinta a farkon layin, ya ɗaga guduma, sai ya ajiye ya ce hasken bai yi ba. Rana kuwa tana tsaka. Ranar Juma'a bayan masallaci ya sake zama a gabansa, ya wasa ƙusar, ya gwada ta a farce, ya ajiye. A ɗaki Yaya Nasiru yana cusa kaya a jaka.

Na daɗe a lunguna ina shirya maganar a baki. Tun zuwana ban taɓa fara yi masa magana ba, sai dai in amsa. Na tashi na taka ɓarɓashin tagullar na je gefen teburin. Muryata ta fito ƙasa ƙasa, sai da ya karkato kunne.

"Kawu, ni dai Yaya Nasiru ba ɗan farina ba ne. Ba ni ƙusar, ka riƙe mini hannu."